Ƙwaron da Baba Ya Hana Ni Kashewa

Wata Asabar ce cikin damina, shekarar da na shiga aji huɗu, shekarar da masaƙar da Baba yake aiki ta sallami ma'aikata. Muna noman wake a gonar da aka ara masa bayan Romi, na sa hannu zan kawar da wani dutse daga kan kunya, sai na ji kamar an caka mini allura mai wuta a yatsa. Na kurma ihu na yar da fartanya. Wani baƙin ƙwaro mai dogayen ƙafafu da fararen ɗigo biyu a baya ya fito yana tafiyarsa, ko a jikinsa. Baba ya taho yana tarin nan da ya samo a masaƙa, ya ɗaure mini yatsar da hankicinsa. Na ɗaga dutsen zan murƙushe ƙwaron, ya riƙe mini hannu. "Bar shi, Talatu, shi yake cinye mana tsutsar wake." Har muka taka zuwa gidanmu a Makera ina fushi da shi, yatsa tana zugi, shi kuma yana tsayawa yana hutawa a bakin hanya.

Gajiya ce abin da na fi tunawa a shekarun nan. In ja ruwa a rijiya, in wanke kwanuka, in tafi makaranta, in dawo in bi Baba gona da ƙafa. Wasan da ya rage mana, ni da Rifkatu 'yar maƙwabtanmu wadda ita ma aka sallami babanta, shi ne tsugunawa muna kallon waɗannan ƙwari. Muka raba su gida uku. Akwai Mai Ɗigo na ƙarƙashin duwatsu, wanda ya cije ni. Akwai wani ja da baƙi da yake laɓewa a ganyen wake, ya cafke tsutsa, ya soka mata baki ya tsotse ta sai fata. Sai ƙaramin da muka sa wa Ɗan Dako, mai yawo a gindin katanga da gawarwakin tururuwa jibge a bayansa. Duk bakinsu ɗaya, a lanƙwashe ƙarƙashin kai kamar ƙugiya. Sai da na girma na ji cewa dangi ɗaya ne, kuma irinsu ya fi gaban lissafinmu.

Waken nan ya riƙe gidanmu 'yan shekaru, Inna tana ƙosai da alala. Daga baya tari ya kwantar da Baba, ni da ita muka ci gaba da zuwa gonar. Duk yamma in mun dawo, tambayarsa ɗaya: "Ya yi fure?" Sai mu ce ya yi, ko da bai yi ba. Ya rasu kafin a yi roro, mai gona kuma ya karɓi abinsa ya yanka filaye.

Yanzu a Romi nake haya. Inda muka yi noma gidaje ne da shaguna, ban ma iya nuna wurin. In na taso daga shagon ɗinki, ƙafafuna a kumbure, ba ni da ƙarfin duban ƙasa, 'ya'yana kuwa ko kiyashi suka gani sai su ɗauko maganin feshi. A da ma a gajiye muke, amma tare muke komawa gida.