Karena da motar abokina

Shekarun baya can, lokacin ban yi aure ba, ina da wani jan kare mai farin ƙirji. Tun idonsa bai gama buɗewa ba na tsinto shi a bayan gari, na raine shi da kunu a murfin kwano. Duk inda na sa ƙafa a Madarunfa yana biye da ni. Ba na barinsa ya lashe ni, kuma iyakarsa zaure, amma kowa a unguwa ya san ni da shi sai Allah.

A wata shekara kawuna ya bar mini gonarsa ta wajen Gabi in noma. Da kaka ta yi, dammunan gero na jibge a fili, ga awaki ga masu dogon hannu, dole in riƙa zuwa ina yin kwana uku uku, kuma dole da kare. Motar haya kuwa ba mai ɗaukar maka kare. Sai na tuna da abokina, wanda muka yi lakol, wato makarantar boko, tare. Kirista ne ɗan Maraɗi, yana da wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya da yake bin ƙauyuka sayen wake da ita. Ina faɗa masa ya ce ba komai.

To, a gidanmu akwai doka. Mahaifiyata ba ta yarda mai rai ya bar gidanta da yunwa in zai yi tafiya. Jaki ma sai ya ci harawa kafin a ɗaura masa amalanke. Don haka ranar tafiyar farko na cika wa karena kwano da ɗumamen tuwo, ya share, na ƙara masa. Muka ɗora shi a baya kan buhuna. Ba mu yi nisa ba na waiga na ga yana ta hamma, miyau na dalala. Kafin in ce a tsaya ya amayar da komai a kan waken mutane.

Abokina ya fito ya duba, ya ce, "Aboki, mi ka ba shi da sahe?"

Na ce, "Ɗumame mana. Ya ci ya ƙoshi."

Ya yi dariya har da riƙe ƙofar mota. "Kai hwa ka ɗauka jaki ne. Kare in za shi tahiya a mota, ba a ba shi abinci tun sahe, sai ruwa kaɗan. In an isa ya huta, sannan ya ci. Bar mini shi, ni zan koya mishi."

Haka kuwa aka yi. Duk sanda ya biyo ta garinmu sai ya tsaya a ƙofar gidanmu, ya buɗe ƙofar gaba, ya zauna da karen a ciki mota a kashe, yana shafa masa wuya yana yi masa hira kamar mutum. Bayan kwana biyu ya fara tada injin ba tare da ya motsa ba. Daga nan sai su je bakin tafki su dawo. Ya shimfiɗa masa tsohon buhu a kujerar gaba don ya riƙa kallon hanya, ya ɗan sauke gilashi iska na shiga. In tafiyar Gabi ce, a tsakiyar hanya sai ya tsaya karen ya sauka ya zagaya. Cikin mako uku amai ya ɗauke ɗif.

Da farko na ji daɗi. Daga baya na fara lura da abin da bai yi mini ba. Karen da ba ya barin gindina, yanzu ko muna tsakiyar zama ya ji ƙugin motar nan daga nesa sai ya zabura, wutsiya kamar za ta tsinke. Ya yi tsalle ya ɗora ƙafafu a ƙirjin abokina, shi kuma ya rungume shi hannu biyu, abin da ni ban taɓa yi ba. A mota kuwa su biyu ne a gaba, ni mai kare an matse ni jikin ƙofa. Wallahi kishi na ji, irin mai hana mutum jin daɗin abinci. Har mahaifiyata ta gane. Wata rana ta ce, "Kai, wanga ɓacin rai naka duk don kare ne? Ka ji kunya mana." Na ce ni ba abin da ke damuna.

Ana gobe za mu kwaso sauran geron, abokina ya kira ni ya ce da hantsi zai iso, kada in manta, ruwa kawai. Na ce to. Da sassafe na tafi bakin tafki wajen masu suya, na sayo kifi manya uku yana ɗigar mai. Na ja karena bayan rumbu inda ba mai ganinmu, na riƙa ɓara ina ba shi da hannuna. Yana ci yana kallona yana kaɗa wutsiya, ni kuma zuciyata fari tas. Lissafina shi ne ya yi amai a kujerar gaba, abokina ya ji ƙyama ya mayar da shi baya, karen kuma ya tsani motar ya dawo gare ni. Ni a lokacin gani nake ban taɓa yin dabara irin wannan ba.

Mun bar kwalta ke nan mun shiga hanyar gargada abin ya taso wa karen. Wannan karon ba irin na farko ba ne. Ya yi amai ya sake, jikinsa na karkarwa, yana kakari kamar ransa zai fita. Abokina ya tsaya, ya sungume shi ya kai inuwa, ya dawo da jarkar ruwa yana wanke kujera. Sai ya dakata, ya ɗago wata ƙaya ya nuna mini.

"Aboki, wanga kihi ne."

Na ce, "Ƙila a bola ya tsinta."

Ya dube ni ya daɗe. "In ba ka so in riƙa ɗaukar shi, ka hwaɗa mini in bari. Amma shi mi ya yi maka?"

Na je na tsuguna kusa da karen na kira shi. Ya ɗago ya dube ni, ya miƙe da ƙyar, ya wuce ni ya je ya kwanta a ƙafar abokina.

Sai da aka sake koya masa shiga mota daga farko, kuma abokina ne ya sake yi, bai ƙara tada maganar ba. Bayan an gama kaka na je har Maraɗi na ba shi haƙuri. Ya ce ya wuce, ya sa aka kawo mini fura. Karen ma ya dawo yana bina kamar da, ya yi shekaru tare da ni. Abu ɗaya ne bai dawo ba. Har ya tsufa ya mutu, in aka ajiye masa kifi sai ya shinshina ya kau da kai.

Yanzu in wani ya tambaye ni yadda ake tafiya da kare a mota, nakan zayyana masa duka kamar ni na gano, ciki wayam, kujerar gaba, iska, a tsaya a hanya. Abin da na koya da kaina daban ne. Na ga yadda mutum zai iya cutar da abin da yake so don kawai kada wani ya ji daɗinsa, kuma yana yi yana jin shi ne aka zalunta.

Shekara da shekaru mutane na mamakin karen Madarunfa da ba ya cin kifi. An sha tambayar abokina a gabana, sai ya ɗaga kafaɗa ya ce kowa da abin da yake so. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, ko matarsa. In gaya muku gaskiya, na daina kishinsa a kan kare tuntuni, amma wannan halin nasa har yau ina kishinsa.