Kanarina a hannun taubashi

Taubashina, ɗan gwaggona, shi ya ɗauki kanarina ya kai wa Nasara aka farke masa ciki. Na rubuta haka tun a layin farko don kada wani ya karanta rabi ya ce ai bai gane wa nake nufi ba. Ban daɗe a lekol, makarantar Nasara, ba, mushe malaminmu ya kore ni saboda bakina, amma abin da na koya ya isa in rubuta laifin mutum.

A fadamar shinkafa ta Tounouga na kama tsuntsun, zamanin da Nasara ba su daɗe da zama a Gaya ba. Na yi masa keji da karan dawa na rataye a zaure. Ban taɓa jin baki irin nasa ba. Da hantsi in ya fara, masunta masu hawowa daga kogi sai su tsaya da kifinsu a ƙofata har ƙuda su taru. Ni ba ni da doki, ba ni da babbar riga. A unguwarmu in an ce mai kanari, ni ne, kuma hakan ya ishe ni.

Da damina ta yi nisa sai ya yi shiru. Gashinsa ya tashi buzu-buzu, kashinsa ya koma ruwa, ƙirjinsa ya fito kamar bakin wuƙa. Yana cin gero kamar gardi, dogarin kumandan mai mulkin gari, amma kullum ramewa yake. Wata safiya na duba ƙasan kejin na ga wasu ƴan abubuwa farare kamar zare suna motsi. Tsutsar ciki ce, irin wadda ke damun yara, sai dai ƙanana. Na jiƙa ɓawon maɗaci ina ɗiga masa a baki da tsinke. Yana tofarwa yana hararata, amma na rantse ya fara samun sauƙi, don har ya ɗan gwada murya.

A wannan tsakanin gardi ya zo ya tattara mu ɗaukar kayan kumandan zuwa Karakara. Ba a cewa a'a. Na bar wa matata kejin, na nuna mata yadda ake ɗiga maganin.

Ashe akwai wani lokotoro, likitan Nasara, da ya sauka a masaukin Nasara na bakin kogi, ya sa an yi shela yana neman tsuntsayen daji marasa lafiya. Taubashin nawa ɗan kwalekwale ne, yana ƙetara mutane zuwa waccan gaɓar, ba abin da ke wuce kunnensa. Ya shigo gidana ya ce wa matata: “Ke matar bawana, miƙo min tsuntsun nan, Nasara zai yi masa magani.” Ita kuma ta miƙa. Wa ke hana taubashi ɗaukar abu?

Da na dawo, ko ƙafa ban wanke ba na nufi masaukin. Na tarar da lokotoro a gindin tsamiya, ja wur da zafi, da tebur cike da kwalabe da wani madubi mai bututu. Na haɗa ɗan faransancina na tambaye shi tsuntsu mai ruwan ɗorawa. Mutumin nan ya yi murna kamar an yi masa haihuwa! Ya kama hannuna ya girgiza, ya ɗauko wata kwalba ya ɗaga ta a rana. Tsutsotsin ne a ciki suna iyo. Ya ce duk tsuntsayen da aka kawo masa babu mai kyawun tsutsa kamar nawa, har ƙasarsu zai kai su. Na ce to ina mai tsutsar? Ya nuna min wata ƴar fata a shanye kan allo, an cusa mata auduga.

Wato tsutsa za ta ga Faransa, ni da na ciyar da ita ko Dosso ban taɓa gani ba.

Na kai ƙara wurin dattawan unguwa. Suna jin sunan wanda nake ƙara suka fashe da dariya. Ɗaya ya ce: “Kai yaro, taubashi ake ƙara? Je ka ɗauke masa akuya, ku yi daidai.” Gwaggo kuwa cewa ta yi: “Ɗan nan, kada ka ba ni kunya. Wasan da muka gada ne za ka ɓata a kan abin da bai kai loma ba?” Shi ko gogan yana yawo a kasuwa da tsohuwar hular kwano da lokotoro ya ba shi, ta rufe masa ido, yana sara wa mutane kamar soja. In ya hango ni sai ya tsuke baki ya yi fito irin na kanari. Kowa ya yi dariya, ni ma a ce dole in yi.

Da ya ga na daina amsa sallamarsa, sai ga shi wata ranar kasuwa da ƙwarya a rufe. Ya zauna a tabarmata ba a ce ya zauna ba.

“Bawana, share hawaye, na kawo maka wani. Wannan daga waccan gaɓar yake, da harshe biyu yake waƙa.”

Na buɗe. Buwa ce, irin mai cinye mana gero, ya shafe ta da gangamau har baki. Tana atishawa, hannuna ya yi rawaya. Shi yana riƙe da ciki don dariya, maƙwabta sun leƙo suna jira in yi tawa.

Ban yi ba. Na dube shi na ce: “Cire hular nan in ga idonka.” Ya cire.

Na ce: “Ɗan gwaggo, rigata ka sha ɗauka, tuwona ka sha cinyewa, ban taɓa buɗe baki ba. Nasaran nan ya yanka tsuntsuna don bai san abin da ke cikinsa ba, yana son ya gani. Shi na yafe masa. Kai ka san abin da ke cikinsa, kullum da safe kana ji ta kan dangarmu, kuma ka ɗauka ka kai. Wannan ba wasa ba ne, ko duk Gaya ta ce wasa ne. Kwashe buwarka ka fita, tana ɓata min tabarma.”