Bindigogin Aro na Verna

A ƙauyen nan na bakin kogin Yukon, in ka ambaci Verna Kriska, abin da za a fara ce maka shi ne, "Au, sarkin tambaya?" Ta fi shekara ashirin tana dafa wa 'yan makaranta abinci, kuma ba a taɓa kawo sabon inji ɗakin girki ba ta kwance bayansa ta leƙa cikinsa ba. Tun tana yarinya haka take. Ta taɓa tsare fada a ƙofar coci, wai sai ya gaya mata ko kifi yana barci.

Abu ɗaya ne ba ta taɓa tambaya a kansa ba, bindiga. Me zai kai ta? Mijinta Silas yana nan. Kowane Satumba tare suke fita farautar mus, ƙaton naman dawan nan mai faffaɗan ƙaho da ya fi doki tsayi. Ita ke tuƙa jirgin ruwa, ita ke fiɗa, shi ke harbi. Haka suka yi ta yi har gashinsu ya fara fari, sai wani hunturu zuciyarsa ta tsaya yana cikin faskare a bayan gida.

Da lokacin bikin tunawa da shi ya matso, aiki ya taso mata gaba. Dole a ciyar da gari kaf da romon mus, a raba kyauta ga waɗanda suka yi wahalar jana'iza. Bindigar Silas ma tuni ta naɗe ta a bargo ta ajiye, don ta mutumin da ya haƙa kabarin a daskararriyar ƙasa ce. Ƙanin mijinta Orville ya zo ya ce kada ta damu da nama, shi zai kawo.

"A'a," in ji ta. "Shekara da shekaru yana ciyar da ni. Sau ɗaya dai in ciyar da baƙinsa da hannuna."

"Ke matar yaya? Ke da ko ɓera kika gani sai kin tsaya tambayarsa sunan ubansa?"

"Kai dai ara mini bindigarka, ka rage surutu."

Nan fa aka shiga ba ta shawara, kowa da tasa. Masu ƙatuwar bindiga suka ce dajin nan na beyar ne, ƙatuwar dabbar nan mai gashi da farata, wanda ya shiga da ƙaramin harsashi ya kai kansa ne. Masu ƙarama suka ce mace mai shekarunta ba za ta iya jan gungume cikin fadama ba. Verna ta saurari kowa, ta gyaɗa kai, sannan ta ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Ta bi gida-gida tana aron bindigogi.

Abin da ya ɗaure wa mutane kai, ba ta harba ko ɗaya ba. Sai ta cire harsasan, ta rataya bindigar a kafaɗa tun safe, ta shiga harkokinta. Da ita take ɗebo itace, da ita take shanya kifi, da ita take hawa gangaren kogi ɗauke da jarkar mai. Abin da take son sani shi ne yaushe jikinta zai ce a ajiye. Ta Orville ko hantsi ba ta kai ba ta tsinci kanta ta jingine ta a bango, ba ta ma san ta yi ba. Wannan ya ba ta mamaki ƙwarai, ta tsaya tana kallon bindigar kamar wani ne ya ajiye.

Yayarta Alda ta leƙo ta taga ta ce, "Soja, ina aka nufa da yaƙi?"

"Yaya, ke dai ki shirya wuƙaƙenki."

Da ta mayar wa Orville tasa, ta tarar da shi yana gyaran injin jirgi, ya cire hula. Tabon nan ya fito fili, daga saman kunne har ƙeya, inda gashi bai sake tsirowa ba. Kowa ya san beyar ne ya yi masa, amma ba wanda ya taɓa tona maganar. Mata a nan ba sa kiran sunan dabbar, sai su ce babban nan. Verna ta zauna a kan gangar mai.

"Ƙanin miji, ranar da babban nan ya same ka, me ya hana wannan ƙatuwar yin aikinta? Ta ƙi tashi ne?"

Orville ya ajiye abin da ke hannunsa ya goge mai a wando. Can ya ce, "Tana cikin jirgi."

"Jirgi?"

"Na kai kayan nama na farko, bayana kamar zai karye. Da zan koma ɗauko na biyu na dube ta, na ce haba, nan da can ne. Na bar ta." Ya mayar da hularsa. "Yayana ne kawai ya sani. Shi ya ɗauko ni."

Tausayi ya kama ta, amma tambaya ba ta barin Verna. Ta je wajen wasu maza biyu da suka taɓa cin karo da babban nan, ta yi musu tambaya ɗaya tak, ina bindigarka take a lokacin? Ɗaya ya ce a jikin bishiya, ɗaya ya ce a ƙarƙashin kaya. Ashe duk masu kurin ƙaton harsashin nan hannu sake aka same su.

Sai ta hau ƙaramin jirgin sama ta tafi birnin Fairbanks. A shagon bindigogi ta ɗaga wannan ta ajiye, ta ɗaga waccan, ta sa mai shago ya kwance mata ɗaya ta leƙa ta cikin bututun. Ta zaɓi wata gajera mai gindin roba, mara kyan gani, harsashinta matsakaici. Mai shagon ya ce, "Mama, in gaya miki gaskiya, mara nauyi ta fi shuri. Nauyin da aka rage mata, kafaɗarki ce za ta biya." Ta ce ta ji, kuma ta gode da bai ɓoye mata ba.

Gaskiyarsa kuwa. Harbin farko a kan yashin kogi, tabɗi, sai da ta zauna daɓas. Kafaɗar ta yi baƙi ta yi shuɗi, kwana biyu da hagu take juya miya. Ta ɗinka fatar mus ninki-ninki a cikin rigar sanyinta, ta koma. Kullum bayan aiki tana can tana harbin gwangwani, har ta daina runtse ido kafin ta ja kunama.

Ranar fita, ita da Alda suka hau kogi da sassafe, suka ɗaure jirgi a bakin wata fadama. Alda ta riƙa goga busasshen ƙashin kafaɗa a jikin reshe, yadda namijin mus ke yi da ƙahonsa in yana neman faɗa. Ba a jima ba wani ya fito daga sarƙaƙiya yana huci. Verna ta ɗaga bindiga ta fara harbi. Na farko ya tafi sama, na biyu ya fasa bishiya, na uku ya zauna a bayan kafaɗa. Dabbar ta yi taku kaɗan ta zube.

Suka feɗe, suka ja naman nesa da kayan ciki, suka kai kaya na farko jirgi. Verna ta sauke tana haki. Da suka juya za su koma, sai ta ga hankaki sun hau bishiya sun yi tsit, maimakon su sauka kan kayan ciki. Ta taɓa Alda. Bindigar tana kafaɗarta, ta ma manta tana ɗauke da ita. Ta zaro ta, ta ɗana.

Ga babban nan, ƙato, ruwan ƙasa, da tozonsa, bakinsa duk jini. Ya miƙe tsaye yana shinshina iska. Tsoro ya cika ta har cikin haƙora, amma duk da haka ta lura kunnensa ɗaya a yage yake, har ta ji tana son sanin wa ya yi masa. Ta sa shi a saiti, ta yi magana yadda tsofaffi suka koyar.

"Kaka, kayan ciki naka ne, ci abinka. Sauran na baƙin Silas ne, ba zan bari ba."

Ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya sauka, ya cafki tumbin, ya ja shi cikin sarƙaƙiya. Suka kwashe naman kaya-kaya, ɗaya na ɗauka ɗaya na tsaro, Alda na addu'a tana zaginta a lokaci guda. Sai da suka tura jirgi tsakiyar ruwa Verna ta fashe da kuka.

Ranar biki zauren gari ya cika, aka yi ta zuba romo har kowa ya ƙoshi. Kafin a fara waƙa, ta yanki kitse mai kyau ta fita waje wurin wuta, inda ake jefa wa mamaci rabonsa. Ta tsuguna ta sa shi a garwashi, ya kama ƙauri.

"Ci, Silas," in ji ta. "Ni na harbo. Sau biyu na kuskure, kada ka yi mini dariya."