Hannun da Na Sa Cikin Rumbu

Jama'a, kun daɗe ba ku ji ni ba. Masu tambaya ko Malam Iro na Turba ya cika, to ban cika ba tukuna. Da hannun hagu nike danna wayar ga, ku yi haƙuri da jinkirin.

Tun ina yaro na ji ana cewa mussa, wadda wasunku ke kira kyanwa, tana iya ɗaukar ciki ba ta yi kukan neman muzuru ba, ba ta yi birgima ƙasa ba, kuma tana ƙarama. Kakata ta faɗa, na sa shi cikin tatsuniyoyinta. Wani Bafulatani ya faɗa mini kasuwar Bafarawa, na ce fura ta yi mishi yawa.

Bana ɓeraye sunka dame mu, mai ɗakina Hajo ta samo 'yar mussa. Ba ta kai rabin shekara ba. Ba kuka, ba yawo. Da cikinta ya fara tasowa Hajo ta ce, "Malam, mussag ga ciki gare ta."

Na ce, "Wane ciki? Jiya-jiya ta bar nono. Ɓeraye ne ta ƙoshi da su."

Gidanmu maigida kaɗai ke buɗe rumbu, haka na iske ubana yana yi. Wata safiya na hau, na ɗaga murfin ciyawa, na zura hannu in jawo damen gero ban duba ba. Ashe cikin rumbun mussar ta haihu.

Ta kafa mini haƙora tsakanin babban yatsa da manuni, ta ƙi saki.

'Yan huji ne ƙanana, jinin ma bai taka kara ya karya ba. Munka yi abin da anka saba yi nan: anka yanki gashin mussar anka ƙona, anka kwaɓa tokar da man shanu, anka shafa, anka ɗaure da tsumma tamau.

Washegari hannun ya zama kamar tulu. Kafin Juma'a zazzaɓi ya kada ni, wani jan layi ya taso daga wuyan hannu yana hawa zuwa hammata. Ina kallonshi yana tafiya.

Ɗana Nasiru ya ce, "Baba, hau mashin."

Na ce, "Za ni, bari a sauko masallaci."

Ya ce, "Baba, don Allah hau."

Hanyar zuwa asibitin Isa kun san halin da take ciki yanzu. Ina riƙe da Nasiru da hannu guda, ido ɗaya ga daji, ido ɗaya ga hannun.

Likita ya kwance tsumman, ya duba ciwon. Anka ɗibi jini, anka dawo da labarin da ban nema ba: ina da ciwon suga, ban sani ba. Ya ce, "Baba, haƙorin mussa kamar allura yake, ya kai datti can ciki, ku kuma kun toshe ƙofar. In bai ji magani ba, za mu yi maganar yatsan nan. Wataƙila fiye da yatsa."

Hannun dama ne. Da shi nike riƙe hauya, da shi nike cin tuwo, da shi nike gaisawa da mutane.

Sannan ya tambayi lafiyar mussar, ko tana dalalar da miyau, ko tana cizon kowa. Sai lokacin na san ba kare kaɗai ke ɗauke da ciwon hauka ba. Anka fara mini allurar rigakafinshi, anka ce kada a kashe ta, a sa mata ido. Kullum Hajo ta kira waya, kafin ta tambayi jikina ni ke riga ta: "Ta sha ruwa? Tana shayar da ɗiyanta?" Dattijo da furfura, rayuwarshi ta rataya ga ko mussa ta ci abinci.

Anka tsaga hannun anka fidda mugunya. Ƙarin ruwa, allura safe da yamma, wankin ciwo da ke sa ni kiran sunan uwata. Ragon da na ajiye don layya ya tafi kasuwa. Likita ya zana layi da biro inda kumburin ya tsaya, ya ce in ya ƙetare shi sai Sakkwato. Ba abin da na taɓa kallo a duniya kamar layin biron nan. Tuwo ya ƙi shiga. Makwabcin gadona an yanke mishi ƙafa saboda suga, na daina juyawa wajenshi.

Kumburin ya taɓa layin. Ya tsaya. Sannu-sannu ya fara ja da baya.

Alhamdu lillahi. Na gode wa Hajo, da Nasiru, da duk wanda ya sa ni cikin addu'a. Manunin bai lanƙwasuwa sosai har yau, amma yana nan tare da 'yan'uwanshi. Mussa da ɗiyanta lafiya lau, sun gaje rumbun.

Abin da za ni roƙe ku: dabba ta cije ku, ku wanke da sabulu da ruwa mai yawa, ku daɗe kuna wankewa, kada ku toshe da komi, ku kai kanku asibiti ranar. Ku gwada suga ko kuna jin ƙarfi. In ƙaramar mussarku ta ɓace kwana biyu, ku leƙa da fitila kafin ku zura hannu ko'ina. Wanda bai son mussarshi ta yi ɗiya ya ga likitan dabbobi da wuri, kada ya jira kuka.

Ranar da za a sallame ni, nas ɗin da ke wanke mini ciwo, wata Saratu 'yar Unguwar Lalle, ta kwance bandeji ta ce, "Baba, motsa yatsun." Na motsa su duka biyar. Tana naɗe sabon bandeji ta ce, "Ai wasu mussoshin ba su kuka, Baba. Tun suna wata huɗu ko biyar suke ɗauka, ba wanda ya sani. Ba a taɓa gaya maka ba?"

Na ce, "An gaya mini, ɗiyata. Ke ce ta ƙarshe."