Nauyina da Jar Mota

Maigidana ya sayi jar mota a hannun wani Bature mai aikin hanya da zai koma ƙasarsu. Tsohuwa ce tun a lokacin. Ƙofa biyu, kujera biyu, ciki yana shafar ƙasa kamar na ƙadangare. An ƙera ta don gudu a inda babu rami, Allah ya kawo ta hanyar Shagari zuwa Bodinga.

Zamanin farar hula ne, kafin soja su dawo. Malam, maigidan nawa, ma'aikacin asibiti ne a Bodinga, kullum can yake wuni. Ni kuma, da 'ya'ya biyar a ƙasa, na shiga ajin yaƙi da jahilci na matan aure da aka buɗe can. Kujerar nan ta biyu ita ce makarantata. In ba ita ba, ba mai barina in hau motar haya in cuɗu da maza da awaki.

Sai mota ta fara ƙara. Kowane rami, ƙwas, ƙwas, kuma daga ƙarƙashin kujerata. Ni mace ce mai jiki. Ban taɓa ɓoyewa ba, babu ma wurin ɓoyewa.

"Tun da kinka fara bokon ga, motag ga ba ta da lahiya," in ji Malam.

Na ce, "Ramukan hwa? Da ƙahwata anka gina su?"

Inna, mahaifiyarsa, tana gefe tana tsinkar zogale. Ta ce, "Ƙarhe ma ya gaji da ganin mai hurhura tana a, ba, ca."

Bakanikensa na Bodinga ya duba ya ce bushin ne suka mutu, wato robobin da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe a ƙafar mota don kada su ci juna. Ga shi gwamnati ta ce a tsuke bakin aljihu. Sabulu da madara ma sai an yi layi, balle robar motar da Baturenta ya tafi. An aika Sakkwato, an aika Kano, shiru. A ƙarshe mai yanka takalmin taya a kasuwa ne ya yanko su daga tsohuwar tayar babbar mota. Aka ɗaga ta a jak, aka fitar da matattun, aka buga sababbi, aka ɗaure tana sama ƙafafu na reto.

Ba a jima ba suka yage. Ƙwas, ƙwas. A wurin Malam da Inna shari'a ta ƙare, an kama mai laifi. Ya ce in an sake gyara, in zauna gida. Jarrabawar shiga aji na gaba kuwa ta kusa.

Da Malam ya koma gareji, bakanike ya ce kuskuren ɗauri ne. Ba a ɗaure bushin mota na sama. Sai an sauke ta ƙasa, ta ɗauki nauyin da ta saba ɗauka, sannan a matse, in ba haka ba robar tana murɗewa. Ya sa aka yanko wasu, ya ce gobe a zo da abin da takan ɗauka.

Matar aure ba ta zaman gareji, don haka da safe Malam ya aro buhun albasa ya ɗora a kujerata. Har ya gyara masa zama. Na fito da mayafina da littafina, na kama buhun na mirgino shi ƙasa, na shiga na ja ƙofa.

"Mi kika yi haka?"

"Albasa ka zuwa makaranta? An ce abin da takan ɗauka. Ga ni."

Ya tayar da mota, muka nufi Bodinga.

Aka tsayar da mu bisa ramin gareji, mu biyu a ciki kamar masu jiran a ɗauki hoto. Mazan da ke ƙarƙashin dogonyaro duk suka sami abin kallo a wani gefen. Murya ta taso daga ƙarƙashina.

"Hajiya, kada ki motsa."

"Ban je Makka ba."

"To uwargida, kada ki motsa. Malam, kai ma ka daina huci, mota na rawa."

Na buɗe littafina ina bita. Ina jin sifana tana juyawa a ƙarƙashin ƙafata.

Da bakanike ya gama ya fito yana goge hannu da tsumma, ya ce, "Ranka shi daɗe, an ɗaure ta da nauyin uwargida. In ka riƙa tahiya kai ɗai, gehe guda shina sama, su sake yagewa. Kuma tayad da aka yanko su ta ƙare."

Na dube shi. Shi kuma yana duban sifanarsa. Ban taɓa tambayarsa ko haka abin yake a ilimin mota ba. Abin da na sani shi ne, benci ɗaya muke zama da matarsa a aji, ni nake riƙe mata jariri in an kira ta allo.

Muka kama hanyar Shagari. Rami na farko, shiru. Na biyu, shiru. Malam ya nemi babba da gangan ya faɗa, shiru.

Na ci jarrabawar. Ranakun da ba aji, Malam yakan ɗora buhun albasa a kujerata kafin ya fita. Ranar da na makara kuwa, Inna da kanta take leƙowa ɗakina.

"Ke, tashi ki tahi bokonki, kada ki kashe mishi mota."