Yaya, Tukunyarki Ta Ƙi Ni

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayata, wadda ta kafa kamfanin alawar madarar nan da yara ke kira Mai Tsuntsu. Yau kwana tara, Yaya, na kasa zama wuri ɗaya. Wannan takardar ma a tsaye nake rubuta ta, a kan teburin naɗe alawa.

Da tukunya ɗaya kika fara, a bayan ɗakin mahaifiyarmu. Tsuntsun da ke jikin ledar ke kika zana shi, ni kuwa na sha yi miki tsiya cewa ya fi kama da kaza mai mura. Shekarar da na matsa muka sauya shi da wani kyakkyawa na zamani, masu shaguna suka dawo mana da kwalaye, wai jabu ce. Sai kika mayar da kazarki. Da aka kawo injin askirim aka ce ma'aikata mata biyu sun yi yawa a wurin, sai kika ce ba a sallamar mai 'ya'ya don an sayi ƙarfe. Da kanki kika koya musu aikin injin.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Shekara ashirin da shida ina juya tukunya a gefenki. Awon madara na sani, na sukari na sani. Lokacin saukewa ne ban sani ba. Ba agogo kike dubawa ba. Kina tsaye kina hira da direba, sai kawai ki ce, "Auta, sauke." Ni kuma in sauke. Bara kika riƙe hannuna kika ce, "Tsaya ka saurari tafasarta, ba kullum zan tsaya maka ba." Na ce, "Haba Yaya, mota na jira, bari sai gobe." Ban sake tayar da zancen ba.

Tukunya huɗu na ɗora tun rasuwarki. Biyu sun kama, ɗaya ta ƙi daskarewa, ta huɗun ta yi kyau a ido. Na kai wa tsohuwar da ke da shago a bakin makaranta, wadda ta fara saye a hannunki. Ta daɗe tana tsotsa, sannan ta ce, "Allah Ya ba ka haƙuri, ɗan nan." Ba ta ce a kawo kwali ba.

Ma'aikata goma sha bakwai sun zuba mini ido. Jiya babbar 'yarki ta ce, "Kawu, ai ka iya, ko?" Na ce mata e. Kunya ce ta sa, kuma a nan nake gyarawa don ta karanta: ban iya ba. Zan ci gaba da ɗorawa, amma a farar leda za mu naɗe, ko da kasuwa za ta guje mu. Sunanki ba zai hau kan abin da ba naki ba.

Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanki, da 'ya'yanki, da ma'aikatan da kika riƙe kamar dangi. Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makoma. Ni kuwa, Yaya, kin kira ni ban tsaya ba. Allah Ya sa kin yafe mini.