Katin Yayarta

Shekara goma sha bakwai Kwastan ta yi tana tsaron ƙofar ɗakin hoton ƙwaƙwalwa a asibitin yara. Abokan aiki ne suka laƙaba mata sunan, don ba ta yarda da kowa. Injin da ke ciki maganaɗisu ne, ko allura ya samu sai ya fizge ta, shi ya sa aikinta shi ne laluben yara, daga gashi har bakin wando. Uwa za ta rantse babu ƙarfe, Kwastan ta ce, "Na ji, ɗaga hannunta." Ko mijinta ne ya ce ya kulle gida, sai ta je ta girgiza ƙofar.

Wata Talata wani direba ya shigo da yarinya, ya miƙa kati. Kwastan ta san katin sarai. Na wata yarinya ne mai ciwon gado da ke cin ƙwaƙwalwa a hankali, irin wanda likitoci kansu ba kasafai suke gani ba. Sau huɗu tana ɗora ta kan gadon injin, wuya a langaɓe. Wannan kuwa da ƙafarta ta shigo.

"Malam, 'yar wa ce wannan?"

"Tawa ce, Inna."

"Mai katin tana da tabo a bayan kunne. Wanke shi kuka yi?"

Ta riga ta yanke cewa aron katin ya ba 'yar wani maƙwabci, ranta kuma ya ɓaci.

Direba ya sunkuyar da kai. "Mai katin mun binne ta, wata biyu ke nan. Wannan ƙanwarta ce. Ta fara faɗuwa ba dalili, yadda yayar ta fara. Na nemi layi, aka ce sai bayan wata biyar. Yau kuwa ranar da aka ba yayarta ce, ba mai shiga."

Kunya ta rufe Kwastan. Ta je ta tsaya wa likita a kai har ya buɗe sabon kati da sunan ƙanwar.

Da aka gama, ta leƙa allon da hoton ya fito, kamar kullum. Ta ga dubban hotuna, ta kuma tuna na yayar. Wannan da na yayar iri ɗaya ne. Tana fitowa direba ya tare ta.

"Inna, me kika gani?"

"Ni mai tsaron ƙofa ce, ina na iya karatun hoto?"

Ya daɗe yana kallonta, sannan ya zauna a ƙasa.